Tsuntsun Ƙanena a Ƙofar Motar Baba

A garinmu Gaya, babbar mota ba ta cika mota ba sai an yi mata zane a ƙofar baya. Gabanta na direba ne da jandarma, bayanta kuwa na jama'a ne, don shi ake bi ana kallo tun daga gadar kogi har Dosso. Wani ya sa zaki, wani doki, wani ɗan kokawa da hannu a sama, wani kuma addu'a kawai da manyan baƙaƙe. Yawancin masu ba da kaya ba ruwansu da lambar mota, da zanen suke gane ta. Sai ka ji mace a tasha tana cewa ta ba mai zaki buhunan albasarta, kowa kuma ya san wanda take nufi.

Motar Baba ta daɗe ƙofarta fara fat. In an tambaye shi sai ya ce bai ga abin da ya kwanta masa a rai ba tukuna. Ni kuwa tun ranar da na fara bin motar nake kwaɗayin wannan farin wuri.

Ni ne babba a ɗakinmu. Da ƙafata na bar lakwal, wato makarantar boko, ba wanda ya kore ni, na zama aparantin Baba, wato yaron motarsa. Ni ke ɗaure tanti a kan kaya, ni ke dira da gudu in sa katako ƙarƙashin taya in mun tsaya a gangare, ni ke shiga ƙarƙashinta in ta yi gardama tsakanin Kandi da Parakou. Ƙanena kuwa Allah ya ba shi kai. Ya wuce Dosso ya yi lise, wato babbar sakandare, daga nan sai jami'a a Yamai, hannunsa bai taɓa sanin baƙin mai ba. Ban ƙi shi don wannan ba, har alfahari nake da shi a tasha. Abin da ya shiga tsakaninmu daga baya ne ya zo, kuma shi bai ma san ya shiga ba.

Wata rana na sami kwali da gawayi na zana giwan ruwa, irin manyan nan da ake fitarwa daga kogi ana ɗauka mutum biyu. Na ɓata lokaci a kan ɓawon jikinsa ɗaya bayan ɗaya. Na kai wa Baba yana alwala, na ce ga abin da ya dace da ƙofarmu, tunda mu mutanen bakin ruwa ne. Ya kalla ta gefen ido.

"Kihi ai na Sarkawa na," in ji shi. "So kake motata ta dinga marmarin ruwa duk sa'ad da muka hau gada?"

Waɗanda ke wurin suka fashe da dariya, ni ma na taya su don kada a gane. Kwalin kuma Inna ta hura wuta da shi.

Da hutun damina ƙanena ya zo daga Yamai, da wata takarda da ya buga a siber, shagon intanet. Hoton ɗan tsuntsu ne shuɗi, dunƙulalle, da ido guda, da ɗan tukku a ka, da siraran ƙafafu. Ba don mota ya kawo ta ba, a bangon ɗakinsa ya so mannawa. Baba ya gani ya tambaya. Ƙanena ya ce alamar wani dandali ne a intanet, inda mutum ke rubuta ƴar gajeriyar magana duniya duka ta karanta, shi ma kuma yana ciki.

"To kai ina kake cikin tsuntsun?" Baba ya tambaya.

"Duk abin da na rubuta, Baba, shi ke ɗauka ya kai."

Baba ya yi ta jujjuya takardar. Can ya ce, "Ashe ɗan aike na, irinmu. Shina ɗaukar kayan mutane shi kai musu." Sai ya miƙo mini ita ko kallona bai yi ba, ya ce gobe in tsallaka gada da mota zuwa Malanville wurin mai fenti.

Haka aka yi. Ni na tsaya cikin rana ina riƙe wa mai fenti gwangwani, wani tsohon Badande mai yawan mita, har tsuntsun ƙanena ya zauna daram a wurin da na yi shekaru ina hange. Gaskiya ya yi kyau, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Kafin wata ya ƙare sunanmu ya koma mai tsuntsu daga Gaya har tashar jiragen ruwa ta Kwatano. In muna layi a duwan, wurin ƴan kwastan, Baba ya dinga jan abokansa zuwa bayan mota yana nuna musu, yana cewa alamar wurin aikin ɗansa ce. Sau ɗaya na ce masa, a gaban mutane, ai ba aiki yake yi a can ba, kowa ma na iya shiga. Kallon da ya yi mini ya sa ban sake ba.

Na ɗauka an gama ke nan, zan haƙura in saba. Ashe masu dandalin ba sa barin abinsu ya huta. Ba a daɗe ba ƙanena ya dawo da wata takardar, ya ce an canza alamar. Wannan karon ba ido, ba ƙafafu, shuɗi ne kawai mai siffar tsuntsu, tukkun ne kaɗai ya tsira. Da na gani na ji sanyi a raina, na ce yau dai Baba zai ce a'a.

Inna ce ta fara magana. "Wanga wane irin tsuntsu na, ba ido ba ƙahwa? Ina za shi sauka?"

"Wanda ke sama mi zai yi da ƙahwa?" in ji Baba. Maganar ta mutu a nan.

Mai fenti ma sai da ya yi gardama. Ya ce shi shekara da shekaru yana zana gashin zaki, yanzu a kawo masa inuwa a ce ya kwafa? Ya roƙa a bar shi ya ɗiga ido ko ɗan ƙarami. Na goyi bayansa da ƙarfi, ba don na damu da idon ba, don dai a ce an saɓa wa takardar ƙanena ko da ɗigo ɗaya ne. Baba ya ƙi. A ganinsa in motar ta ci gaba da yawo da tsohuwar alama, masu ilimi za su ce ɗansa ya tsaya a baya. Mai fenti ya shafe na farko da fari, ya ɗora sabon a kai, yana ta gunaguni da Dandanci.

Na uku ta waya ya zo. Lokacin ƙanena ya sami tallafin karatu ya tafi ƙasar Turawa, ni kuma na sayi salula mai hoto, don haka ni aka aiko wa in nuna. An aske tukkun, an ɗaga bakin sama kamar tsuntsun ya ji kira. Na kai wa Baba wayar ina cewa a raina, saura fukafukan su cire mu huta. Ya riƙe ta nesa da fuskarsa don idonsa ya fara rauni, ya daɗe yana murmushi.

"An yi mai aski," ya ce. "Ya zama babban mutum. Ka ga inda ya nuhwa?"

Na gani. Na kuma sake tsallaka gada na riƙe gwangwani.

A tsakanin nan na sami parmin tuƙi, na yi aure, aka yi mana haihuwa. Bayan Baba ya fara ciwo, tuƙi ya dawo hannuna kaɗan kaɗan, har ranar da ya ce in tafi Kwatano ni kaɗai. Wannan tafiya ba zan manta da ita ba. Damina ce, hanya ta lalace, motoci na kwance a gefe, na taho da shinkafar mutane ko buhu ɗaya bai jiƙe ba. Tun daga gada nake shirya yadda zan sauko, da abin da zai ce, da yadda zan amsa kamar ba komai. Da na shigo unguwa na danna oda yadda yake dannawa. Ya fito da sandarsa. Ina zaune a kujerarsa, hannuna a kan sitiyari, ya wuce ta gefena, ya zagaya baya. Na sauko na same shi yana goge taɓo daga fukafukin tsuntsun da bakin rawaninsa. Sai da ya gama tas ya juyo ya ce, "Kun iso lahiya? Ya hanya?"

Kishi na ji, ba wani suna da zan ba shi. Da kai kawai na amsa gaisuwar. Ga ni a gabansa da mai a farce da jajayen idanu, ga wanda ke can inda ko zafin rana ba ya ji, amma shi aka fara yi wa sannu da zuwa.

Matata ta gane kafin in faɗa. Takan ce, "Kai dai ban taɓa ganin mai gaba da fenti ba sai kai." In na dawo daga tafiya kuma takan tambaye ni ko ɗan'uwana na baya ya iso lafiya. Nakan yi mata tsawa, ita kuma ta yi ta dariya. Abin da na iya yi bai wuce in ajiye motar da baya a jikin katanga ba, yadda sai an matsa kafin a ga ƙofar. Baba sai ya sa a kira ni in gyara tsayuwa, wai na toshe wa awaki hanya.

Har dandalin na shiga sau ɗaya, wani direba ya nuna mini yadda ake yi. Na nemo ƙanena na yi ta ja da yatsa. Maganganu ne da Faransanci da wani harshen da ban sani ba, a kan ƙwallo da siyasa da sanyin garinsu. Na duba ko zan ga hoton motarmu, ko sunan Gaya, ban gani ba. Na so in faɗa wa Baba, na rasa ta inda zan fara ba tare da an ce baƙin ciki nake yi ba. Da ma baƙin cikin nake yi, sai na fita na share abin daga wayata.

Daga nan alamar ta daɗe ba a taɓa ta ba. Baba ya fassara wannan da cewa yaron ya sami wurin zama. Kiran wayar ƙanena kuwa ya yi ta ja baya, daga kowane mako ya koma sai an ga wata, daga nan sai salla zuwa salla. Ba mugu ba ne, in ya kira da fara'arsa yake kira, kuma yakan yi aike. Rayuwa ce ta tafi da shi. Baba bai taɓa yin ƙorafi ba. In shuɗin ya koɗe sai ya ce a je a ƙara masa, in na tashi tafiya kuma yakan fito ya tsaya har sai ƙofar baya ta ɓace masa a kwana. Na san ba ni yake rakawa ba, don ni ina gaba.

Sai ga shekarar da aka rufe iyaka, aka hana motoci hawa gada. Motoci suka yi cirko-cirko a duka gaɓoɓin biyu, mutane suka koma tsallakawa da jiragen ruwa, mu direbobi muka zama ƴan zaman inuwa da shan shayi. Motarmu ta yi sa'a rufewar ta same ta a gida. Wata rana da hantsi muna zaune a tasha, wani direba cikin matasanmu ya ɗago daga wayarsa ya ce, "Mai tsuntsu, kana da labari? An yanka tsuntsunka." Ya miƙo mini. Inda tsuntsun yake a da, yanzu wani baƙin murabba'i ne da farin harafi, sanda biyu a gicciye. Ya ce dandalin ya canza hannu, sabon mai shi ya kori tsuntsun gaba ɗaya, har sunan ma ya sauya.

Suka yi ta yi mini ta'aziyya ta tsiya, wani ya ce a kawo gero a yi sadaka. Na yi dariya tare da su, kuma wannan karon dariyar ta gaske ce. Daɗi na ji har cikin ƙashina. Na san Baba ba zai taɓa yarda a gicciya masa baƙi a ƙofar mota ba, kuma ba zai yarda ta yi yawo da alamar da aka daina ba. Ke nan wurin zai koma fari, ɗa ɗaya ne kuma ya rage a kusa da za a tambaya.

Ban kai masa labarin ba, shi ya taso da maganar bayan ƴan kwanaki. Muna zaune a ƙofar gida bayan la'asar, ya ce tunda mota na tsaye, gara a sabunta fenti kafin hanya ta buɗe. Ya ce in kira ƙanena in ji ko an yi sabo, kada mu yi aikin banza. Ya ƙara da cewa in buɗe muryar yadda zai ji, don kunnensa ya yi nauyi. Na buga, na ajiye wayar a kan tabarma tsakaninmu.

Ƙanena ya ɗauka cikin hanzari, ana jin ƙarar motoci a bayansa. Na gaishe shi, na ce maganar tsuntsun mota ce, ko akwai sabo. Ya kwashe da dariya.

"Yaya, wai har yanzu tsuntsun nan na nan? Ai an kashe shi. Ni ma na daɗe da barin wurin, tun kafin a canza. Wallahi na ma manta da shi. Ku dai ba ku gajiya. Ka lallaɓa tsoho ku sa wani abin mana."

Na ɗaga ido na kalli Baba. Yana kallon wayar, yana murza carbinsa a hankali.

"Ni na," ya ce. "Ina jin ka."

Sai ƙanena ya shiga gaisuwa yana haɗa kalmomi, ya ce wasa yake yi, ya ce akwai sabuwar alama in ana so zai turo yanzu, sai dai ba ta da kyau. Baba ya ce a'a, ya bar shi. Ya tambaye shi lafiyarsa da ta iyalinsa, da ko sanyi ya shigo, ya sa masa albarka kamar kullum, ya ce in kashe.

Shekaru nake jiran ranar da Baba zai ji wannan da kunnensa. Ga ta ta zo, ban ƙara ko kalma ɗaya ba, ba kuma wanda zai ce ni na kai gulma. Na zauna ina jiran daɗin ya zo irin na tasha. Bai zo ba, amma ban fasa sa rai da ƙofar ba.

Washegari da safe ya sa aka fitar masa da kujera kusa da mota. Ya ce, "Ba sai an ɗauko mai fenti cikin jirgi ba. Goge shi da kanka."

Na samo takarda mai yashi da guntun ƙarfe na hau aiki. Da yake mai fenti bai taɓa kankare tsohon zane ba, fari kawai yake shafawa ya ɗora sabo, sai na riƙa tarar da su ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Na cire mai kallon sama, tukkun na biyu ya leƙo. Na ci gaba, sai ga siraran ƙafafun na farko, sai ga idonsa. Baba ya ce in dakata. Ya taso da sandarsa ya matso har hancinsa ya kusa taɓa ƙofar, ya daɗe a tsaye. Daga nan ya koma kujerarsa ya yi mini alama da hannu in ƙarasa.

Kafin azahar ƙofar ta koma ƙarfe. Na shafa farin fenti, na jira ya sha iska, na ƙara wani. Ban taɓa yi wa wani aiki ladabi irin wannan ba, ko ƙuda ban bari ya sauka ba. Da na gama na wanke hannu da kananzir, na zo na tsuguna a gefen kujerarsa. Ni da ke da ƴaƴa a lakwal, ina jiran bakinsa kamar ƙaramin yaro.

"Baba, an gama," na ce. "Mi za a sa?"

Ya kalli farar ƙofar, bai kalle ni ba.

"A bar wurin hakanan," ya ce. "Ko zai aiko da wani."